Ku Tona Lambu

Tunis, 2 ga Maris, 1998

Zuwa ga Gwaggo Shadliya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da ɗanki Lutfi da iyalinsa. Ni ce Naziha, 'yar marigayi Tahar ɗan ƙanen babanki, wadda kika ƙunsa wa lalle a bikin Lutfi tana ta kuka. Mama na gaida ki, ƙafarta ta yi sauƙi. Ita ta ce in rubuto miki, kada in buga waya, don ƙarar injinan majema ta tafi da rabin jinki.

Gwaggo, aikina yanzu gwajin ƙasa ne. Kin san baladiyar Marsa Lamin, wato hukumar garin, za ta gyara filin tsohuwar majemar da ke bakin teku, a yi wurin shaƙatawa da shaguna da makarantar firamare. Kafin a kafa tubali ko ɗaya, doka ta ce sai an tabbatar ba gubar jima a ƙasar. Ofishinmu aka ba aikin, ni kuma aka ɗora a kai. In na sa hannu a gina, in ban sa ba a dakata.

Matsalata ita ce takardun kamfanin sun ɓace tun da aka rufe shi, tsohuwar taswira ɗaya kawai na samu. Filin da girma, ramukan da aka yarda in haƙa kuwa goma sha biyu ne kacal. Ke kin yi aiki a ciki. Ina ake kai dattin da ake kwasowa daga gangunan jima? Ki taimake ni da amsa da wuri.

'Yarki,
Naziha

Marsa Lamin, 11 ga Maris

Naziha,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, in ban da idona na hagu da likitan Sfaks ya ce sai an kankare. Lutfi na nan, matarsa Hanan na nan, 'yarsu Umaima ta cika biyar, surutu sai ka ce an kunna rediyo. Ki gaida mamanki, ki ce mata ta rage gishiri.

Shekara goma sha ɗaya rabon da in ga rubutun wani daga gidanku. Ko da babanki ya rasu, a bakin direba na ji. Yanzu da kika rasa takarda kin tuna akwai wata tsohuwar kurma a bakin teku. To ba komai, na yafe, tunda abin da kika tambaya na daɗe ina jiran a tambaye ni.

Shekara ashirin da huɗu na yi a majemar Misyo, Baturen da ke riƙe da kamfanin, ina kankare fata. Mijina Si Bulbaba, Allah ya ji ƙansa, shi ke jan keken alfadarin da ake kwashe taɓon. Kin san hannayensa? Ba ki sani ba, kina ƙarama. Ramuka ne a bayan yatsunsa, ba sa warkewa, in ya yi alwala sai ya cije leɓe. Ƙirji ne ya kashe shi yana da hamsin da uku. A layinmu na gidajen ma'aikata maza huɗu suka tafi haka, likita kuma ya ce wai taba ce. Si Bulbaba bai taɓa sa taba a bakinsa ba.

Ga amsarki, ba sai na ja ki da nisa ba. Duk abin da aka kwaso daga ganguna, Lambu ake kai shi. Safe da yamma, Lambu. Kada ki ɓata ramukanki a wani wuri. Ku tona Lambu, ku tona da zurfi, don an zuba yashi a kai kafin a rufe kamfanin.

Ki sani mutanen garin nan ba za su so ki ba in kin samu wani abu. Kowa ya ƙwallafa rai. Lutfi kansa an yi masa alkawarin aikin birkila na shekara biyu, Hanan har ta fara lissafin Umaima za ta shiga sabuwar makarantar, ba sai ta tsallaka babban titi ba. Ni ma ina son haka. Amma ba a kan wannan taɓon ba.

In kin zo ki sauka a gidana, kada ki je otal ki ba ni kunya. Zan yi miki kuskus da kifi.

Gwaggonki,
Shadliya

Tunis, 6 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Yaya idon? Na zo Marsa Lamin ranar ashirin da uku ga watan jiya, na tarar da gida a kulle. Maƙwabciyarki Mabruka ta ce ku duka kuna Sfaks wajen aikin idon. Allah ya ba da lafiya. Na bar miki garin bsisa na kunu da sabulu a wurinta. Af, na ga ƙasan bangonku ya fitar da wani abu rawaya-rawaya kamar gishiri, ki ce wa Lutfi ya duba, ƙila danshin teku ne.

Ga albishir. Na bi maganarki. Lambun yana nan a taswira, a rubuce ɓaro-ɓaro, gaban gidan manaja, har dabinai biyu da lemon tsami suna raye. Rami biyar na haƙa a cikinsa, mita shida-shida, sauran bakwai na raba su a cikin ginin da bakin ƙofa. Ɗakin gwaji ya dawo da sakamako shekaranjiya. Lambun tsaf yake, Gwaggo, ko tumatir za a iya shukawa. A cikin ginin ne aka ga kaɗan a sama-sama, kuma za a kwashe wannan.

Kada ki ji haushi. Shekara goma sha biyu da rufe wurin, mutum yana iya haɗa abin da ya gani da abin da ya ji. Ƙila teku ake zubawa, ruwa ya daɗe da tafiya da shi. Na sa hannu a rahoton jiya, an aika wa baladiya. Za a fara aiki farkon watan Mayu. Ki taya Lutfi murna.

'Yarki,
Naziha

Marsa Lamin, 14 ga Afrilu

Naziha,

Salama. Idon ya buɗe, alhamdu lillahi, kuma abu na farko da na karanta da shi shi ne shirmenki.

Lambun Misyo kika tona? Inda matarsa ke shan kofi da yamma tana kallon teku? Ke da digirinki, ya shiga kanki cewa mutum zai zuba guba a ƙarƙashin tagar ɗakin kwanansa? Wallahi da na karanta sai da na zauna a ƙasa. Hanan ta zaci idon ne.

Wancan mu ba ma ce masa lambu, "wajen Madam" muke cewa, kuma ba mu taɓa taka shi ba. Lambu rami ne a bayan bangon arewa, tsakanin bango da ruwa. Taɓon da ake zubawa in ya kwana biyu a rana sai ya yi kore, ya yi shuɗi, gefensa ya yi rawaya. Wani ma'aikaci ne ya kalle shi wata rana ya ce ga furanninmu sun buɗe, tun daga nan sunan ya zauna. In Si Bulbaba ya ɗaura alfadari sai ya ce zai je ban-ruwa. Duk wanda ya ci abinci a majemar nan ya san haka. Ban yi tunanin sai na fassara miki ba, nawa laifin ke nan, na ɗauka. Amma ke da kika zo, tsoho nawa kika tambaya? Suna nan kullum a zaune a shagon kofi, ba su da aikin yi sai domino. Takarda kika tambaya, takarda ta amsa miki.

Wai ina haɗa abin da na gani da abin da na ji. Ni da ba na ji.

Na je na duba allon da suka kafa a ƙofar filin mai zanen yadda wurin zai zama. Bayan bangon arewa shi ne filin wasan makarantar. Har lilo suka zana a kai.

Na tafi baladiya da bandeji a ido. Sakataren, Si Munji, wanda na san shi tun yana yawo ba wando, ya ba ni kujera da shayi, ya ɗaga murya ya ce injiniya ta gwada ta ce lafiya, kuma injiniyar ma jinina ce. Ya nuna mini sa hannunki. Na ce masa jinina ce, amma ba ta taɓa jin warin wurin ba. Ya ce in je gida in huta. Na bar masa shayinsa.

Jiya na ɗauki shebur ɗin Lutfi na tafi Lambu. Ban kai gwiwa ba na same shi, shuɗi, mai danƙo, yadda muka bar shi. Na cika tsohuwar kwalbar yajin harisa da hannuna, na ba Si Ayyad direban motar Tunis, zai kawo miki ofis. Ki kai wa injinanki su sansana.

Tun daga yau kullum da safe zan kai kujerata can in zauna. Mai son zuba siminti sai ya zuba a kaina. Batun bangona kuwa ba ruwanki da shi.

Shadliya

Tunis, 18 ga Afrilu

Gwaggo, kwalbar ta iso. Kada ki sake taɓa ƙasar nan. Ki tashi daga wurin yau ɗin nan, kada ki ƙara zama. Zan yi bayani.

Naziha

Marsa Lamin, 29 ga Afrilu

Naziha,

Ina gaisuwa don addini ya ce a gaisa. Lafiyata ƙalau, in dai kina son sani. Tafin hannuna na dama ne ya ɗan sale, ina shafa man zaitun.

Layi uku kika rubuto mini, kwana goma sha ɗaya kuma shiru. In tashi daga wurin. Si Munji ya ce in tashi, ɗan sanda ya zo da ladabi ya ce in tashi, liman ya aiko a ce in tashi, yanzu ke ma. Na gane. Sunanki na kan takarda, tsohuwa na zaune tana ɓata miki suna. Da kin fito kin faɗi haka da na fi ganin girmanki.

Ban tashi ba. Kwana goma sha shida ke nan. Ina fita bayan asuba da kujera da lema da butar shayi, sai azahar nake dawowa. Masu wucewa wasu su gaida ni, wasu su juya kai. Mai burodi ya ce wa Hanan surukarta na son 'ya'yan garin su ci gaba da hawa kwale-kwale suna nitsewa a hanyar Italiya. Wannan ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, don ɗan Mabruka haka ya tafi bai dawo ba.

Lutfi ya daina cin abinci tare da ni. Shekaranjiya ya tsaya a kaina ya yi magana a hankali yadda zan karanta bakinsa. Ya ce, "Yumma, Baba ya mutu, ba zai dawo ba. Ni ina raye, kuma ba ni da aiki." Na ce masa na sani, ni na wanke hannayen babansa shekara ashirin, ba zan wanke na 'yarsa ba. Ya fita bai rufe ƙofa ba.

Tsofaffin majema biyu sun fara zuwa suna zama tare da ni, Si Ammar da Si Hadi gurgu. Domino suke bugawa a kan kwali. Motocin rusau za su shigo ranar Litinin, huɗu ga wata. In kin ga dama ki zo ki kalli yadda za a ɗauke gwaggonki da kujerarta. Ba na neman komai a wurinki.

Shadliya

Tunis, 1 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma ba Si Ayyad wannan hannu da hannu don gidan waya ba zai kai ba. Hannunki da ya sale, ki daina shafa mai, ki wanke da ruwa mai yawa ki nuna wa likita gobe. Don haka na ce ki tashi. Ba don sunana ba. Kin ɗebo abin da hannu tsirara, kina zaune a kansa kina shan shayi iska na kaɗa ƙurarsa. Da na buɗe kwalbar na ga launinsa, sai na rubuta abin da ya zo bakina na ruga ɗakin gwaji. Ashe ni ma ban iya rubuta wasiƙa ba.

Kurom ne, Gwaggo, sinadarin jima, kuma mugun nau'insa, mai cin fata da huhu. Ya ninka abin da doka ta yarda sau fiye da ɗari biyu. Ke ce da gaskiya. Na tona wajen Madam na kira ki mai mantuwa. Ki yafe mini.

Shirun kuma faɗa nake yi. Shugabana ya ce taɓon da wata tsohuwa ta zuba a kwalbar harisa ba hujja ba ne, kuma rahoto ya riga ya fita, janye shi zubar da mutuncin ofis ne. Ya ce in ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa a sa ido lokacin haƙa harsashi, shi ke nan kowa ya huta. Na ce ba zan ƙara layi ba, hannuna zan janye. Ya ce in yi tunanin aikina. Na yi tunanin, kwana uku, ba zan yi miki ƙarya ba, na ji tsoro. Ranar Talata na rubuta wa baladiya da ma'aikatar muhalli cewa sa hannuna kuskure ne, na janye. Ranar Laraba aka ba ni hutun da ban nema ba.

Ranar Lahadi ina tafe da na'urar haƙa ta hannu da na aro, da jami'in kotu da zai tsaya ya shaida kowane rami ya rufe kowace kwalba da hatiminsa. Motocin ba za su taɓa wurin da ke hannun kotu ba. Ki faɗa wa Lutfi, in an kwashe taɓon yadda ya kamata za a yi ginin, jinkiri ne kawai, kuma kwashewar ma aiki ce.

Abu ɗaya nake roƙo. Wannan karon ba na son taswira. Ki zauna da Si Ammar da Si Hadi ku rubuta mini duk sunan da kuke kiran kowane lungu na wurin, ko na wasa ne, da abin da ake yi a can. Kada ki bar ko ɗaya don kina ganin kowa ya sani. Ni ban sani ba.

'Yarki,
Naziha

Marsa Lamin, 2 ga Mayu

'Yata Naziha,

Salama. Na je wurin likita, ya naɗe hannun, da hagu nake riƙe alƙalami, ki yi haƙuri da rubutun. Na zage ki a zuciyata kwana goma sha ɗaya, na janye, kamar yadda kika janye naki. Babanki ma haka yake, sai ya gama yin abu yake bayani.

Mun zauna da tsofaffin. Sunaye tara muka tuna, suna bayan takardar nan. Kicin shi ne inda ake dama sinadari. Hammam, wato gidan wanka, ramukan farar ƙasa ne. Sauran za ki gani, wasu ba sa faɗuwa a gaban jami'in kotu.

Na goma ban sa a jerin ba, don Si Ammar ya roƙe ni kada in sa, Si Hadi kuma ya tattara dominonsa ya tafi. Amma kin ce kada in bar ko ɗaya.

Lambu biyu ne. Wanda nake zaune a kai sabo ne. Na farko ya cika a shekarar saba'in da huɗu. Misyo ya sa aka zuba masa yashi da duwatsu, ya gina gidaje goma sha huɗu a kai, ya raba wa tsofaffin ma'aikata. Har rago aka yanka, muka yi guɗa. Si Bulbaba ne ya cika ramin da kekensa, shi aka fara ba makulli. Mun sani, dukkanmu mun sani, amma a ɗaki ɗaya muke da 'ya'ya uku a lokacin, ba wanda ya buɗe baki. Rawayan da kika gani a bangona kika ce danshin teku ne, ba danshi ba ne. Duk shekara in ruwan sanyi ya sauka sai ya fito, Lutfi ya kankare ya shafa fenti. Na ce miki ba ruwanki don na san mene ne.

Kwana goma sha tara ina faɗa da gari a kan filin da Umaima ba ta taɓa takawa ba, alhali a tsakar gidana ta yi rarrafe. Kunyar wannan ta fi ƙarfina, Naziha. Ina jin tsoro kuma, don gidan nan shi ne kaɗai abin da majema ta bar mini, a ɗakin nan mijina ya cika.

Na faɗa wa Lutfi da rana tsaka. Ya daɗe yana kallon bangon. Sai ya sa Hanan ta haɗa kayan yarinyar, ya kai su gidan iyayenta da kansa. Na bi layin gida-gida na faɗa musu abin da zan rubuta miki. Mabruka ta ce in kotu ta rufe layin ina za ta, a shekarunta. Na ce ban sani ba, ni ma ban san inda za ni ba. Ta rufe ƙofa. Ba na ganin laifinta, amma ba zan goge ba.

In kin sauka gobe kada ki je filin tukuna. Ki biyo da mutumin kotun ta gidana, na uku a hannun dama, ƙofa shuɗiya. Lutfi ya dawo da la'asar ya sa safar roba ya ɗaga tayil huɗu a tsakar gida, kusa da inda Umaima take ajiye 'yar tsanarta. Ki fara daga nan.

Gwaggonki,
Shadliya